Dalilin da Ya Sa Ba a Fara Kwance Inji

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ƙaramin babur ɗin tsere da aka kawo shagonku ya daina ja, kai kana son a kwance inji, maigidanka kuwa ya miƙa maka filta da fulogi, ya ce da su ake farawa. Kana tambaya ko wannan al'ada ta bakanikai raini ce ga yaran shago.

Ba raini ba ne. Haka muka tarar, kuma ƙasarmu ce ta koya wa magabata. Ka san ƙurar hunturun Sakkwato. Babur ya yi hanyar Illela sau biyu, soson filta ya toshe, inji ya rasa iska, mai ya yi masa yawa, sai ka murɗa totur yana gurnani ba gudu. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, ƙaramin inji kuwa nan da nan yake jin bambancin.

Fulogi shi ne mai ba da shaida. In bakinsa ya yi launin shayi da madara, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya rinjayi iska. In ya yi fari fat, ka tsaya nan take, domin mai ya yi kaɗan, kuma a injin da ake gauraya masa baƙin mai da fetur, hakan na iya ƙone fistin. Irin wannan injin ma salansarsa kan cika da dauɗar hayaƙi har ta shaƙe shi.

Ina yaro na taɓa kwance injin wani ɗan kabu-kabu tun hantsi har la'asar. Ashe ɗan ramin iskar da ke murfin tanki ne ya toshe, mai ya ƙi sauka kafireta. Har yau ina jin nauyin kuɗin gasket ɗin da na sa bawan Allah ya kashe.

Ka tambayi mai babur ɗin inda ya sha mai, don na bumburutu kan zo da ruwa ko kalanzir. Ka wanke jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta, ka duba ko kuloci na sulɓewa. Sai duk waɗannan sun fita lafiya, kuma ka taka kik ka ji ba nauyi, sannan a yi maganar ringi da fistin. Ranar ma ka bar maigidanka ya fara ɗora sifana, kai ka tsaya kusa ka zuba ido.

Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka