Ina son koyon aikin gyara karatun yara masu disleksiya, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, ina da takardar NCE. A ajina akwai wani yaro ɗan shekara tara mai kaifin basira, in aka yi tambaya da baki shi ne farkon ɗaga hannu, amma da an miƙa masa littafi sai ya daskare. Na ji an ce akwai masu sana'ar taimaka wa irin waɗannan yara. Mene ne aikin, wane karatu ake yi, kuma ana cin abinci da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yaron da kika kwatanta ya yi kama da wanda wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarinsa a 1896: ɗan shekara 14, ga wayo ga lissafi, amma karatu ya gagare shi. Sai dai kada ki yi saurin laƙaba masa sunan disleksiya, wato larurar da ke wahalar da yaro wajen koyon karatu. A fara duba idonsa da kunnensa, a ga ko yana zuwa makaranta kullum, a ga da wane harshe aka fara koya masa karatu. A wajenmu yaran da ba su iya karatu ba suna da yawa, kuma mafi yawansu ba larura ce da su ba, ba a koya musu yadda ya kamata ba ne. Mai disleksiya shi ne wanda aka koyar da kyau, sa'o'insa suka wuce, shi ya tsaya.

Matsalar ba a ido take ba, ba kuma daƙiƙanci ba ne ko asiri. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke shan wahala wajen tsinka kalma zuwa sautukanta, da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Tana bin jini, shi ya sa in kin bincika sau da yawa za ki ji wani kawu ko shi kansa uban ya sha irin wannan fama. Saboda haka in wani ya zo miki da tabarau mai launi ya ce magani ne, ki bar shi da kayansa.

Aikinmu kuwa ba lesin ba ne, inda ake maimaita wa yaro darasin aji da ƙarfi. Hanyar da aka fi sani ta samo asali daga Amurka, daga aikin likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham a shekarun 1930. Ana koyar da sauti ɗaya bayan ɗaya, bisa tsari, ba a wucewa sai na baya ya zauna, kuma yaro yana gani, yana ji, yana faɗi, yana rubutawa a lokaci guda. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu ba: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a haɗa.

Ga yadda zama ɗaya yake. Ki ajiye marafan kwalba huɗu a gaban yaro, ki ce "kaza", ya tura marfi ɗaya a kan kowane sauti: k, a, z, a. Babu harafi tukuna, kunne kawai. Sai ki ce ya cire na farko ya sa "m". In ya ce "maza", kun ci gaba. In ya tsaya yana kallon bakinki, to nan ne aikin yake, kuma kuna iya yin makonni a wurin. Bayan haka a ɗauko faranti da rairayi, ya zana harafin da yatsa yana furta sautinsa, a bi katunan haruffan da aka riga aka koya, ya karanta gajeren rubutu wanda babu harafin da bai sani ba a cikinsa, a rufe da shifta. Minti 45 zuwa awa guda, sau da yawa a mako. Manhajar koyar da masu disleksiya mai suna Take Flight ta asibitin Scottish Rite da ke Dallas shekara biyu take ɗauka, don ki san ba aikin hutun ƙarshen zango ba ne.

Ra'ayina shi ne yaron da Hausa ce harshensa a fara masa da Hausa. Rubutun boko ya fi na Turanci gaskiya nesa ba kusa ba: abin da aka rubuta shi ake furtawa, gaɓoɓin kuma gajeru ne. Amma yana da nasa tarkon. Yaron Bature da irin su b da d yake fama, namu an ƙara masa ɓ da ɗ. Ga kafa da ƙafa, baki da baƙi, ga sh da ts da ƙw da ake rubutawa da harafi biyu alhali sauti ɗaya ne. Kuma ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo sai jimla ta raba su. Littattafan horo da ake shigowa da su ba su san da wannan ba, ke za ki zauna ki tsara katunanki.

Batun karatu, a Amurka ALTA, ƙungiyar masu wannan sana'a, ba ta ba mutum babbar shaidarta ta ƙwarewa sai ya yi awa 200 na darasi da awa 700 yana koyar da yara, wani gwani na duba shi. A Birtaniya akwai shaidar mataki na 5 ta koyarwa, da ta mataki na 7 wadda ke ba da damar tantance larurar. A gida kuwa akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da ta Ibadan, da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo. Da NCE ɗinki kina iya neman digiri a wannan fanni, sannan ki ƙara da horo na musamman a kan karatu, domin digirin ya tattaro larurori da yawa, disleksiya kaso ce ƙarama a cikinsa. Kwasa-kwasan intanet na mako biyu suna buɗe ido, ban raina su ba, amma duk kwas ɗin da babu mai kallon darasinki yana gyara miki, bai mai da ke gwana ba.

Cin abinci? Ana ci, amma ba a yin kuɗi da wuri. Makarantun gwamnati da wuya su ware gurbi don wannan, mafi yawan aikin yana makarantun kuɗi na manyan birane, ko wajen iyayen da za su biya da kansu. Ki riƙe aikinki na aji, ki fara da yaro ɗaya ko biyu bayan an tashi. Ki tanadi littafi kina rubuta kalma nawa yaro ya karanta daidai a minti ɗaya, duk mako, domin ci gaban a hankali yake zuwa, iyaye kuma sai sun gani a rubuce suke yarda. Shi kuma yaron ajinki, tun gobe ki daina tsayar da shi ya yi karatu a gaban 'yan aji, ki riƙa karanta masa tambayoyin jarrabawa yana amsawa da baki, sannan ki nemi ganin iyayensa ku yi maganar daina yi masa bulala.