Tambaya da Amsa: Maigidana ya ce za a daina yanke mana haraji a albashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wajen birnin Atlanta a jihar Jojiya, ina aikin kula da tsofaffi, maigidana kuma direban babbar mota ne mai zaman kansa. Bara muka zama 'yan ƙasa, wannan ne karon farko da za mu yi zaɓe. Wani ɗan takarar majalisa yana cewa a soke harajin kuɗin shiga gaba ɗaya, a rufe hukumar tara haraji ta IRS, a koma karɓar kashi 23 cikin ɗari a kan duk abin da mutum ya saya. Maigida tuni ya hau, ya ce kuɗinmu za su riƙa shigowa cif-cif babu yanka. Sai kuma na ga tallan abokin hamayyarsa a talabijin yana cewa ai kashi 30 ne, ko madarar yara ba za ta tsira ba. Wa ke faɗin gaskiya a cikinsu? Abin ya kai in an ɗauko zancen sai wani ya tashi ya bar abinci.

Daga wata mai karatu a Jojiya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan takarda da kuka samu, ya kuma zaunar da ku lafiya da maigidan. Ku koma kan abincinku, don a maganar 23 da 30 babu wanda ya yi ƙarya. Kowa dai ya zaɓi lambar da za ta yi masa amfani.

A ce kin ɗauki kayan dala 100 a shago. Idan wannan tsari ya zama doka, dala 130 za ki miƙa wa mai karɓar kuɗi. Ke da kika san ɗari kika gani, kin san an ɗora miki 30. Su kuma masu tsarin sai su ce a'a, a raba 30 ɗin da 130 da kika biya, ya ba da kashi 23. Hujjarsu ita ce haka ake lissafin harajin albashi, daga cikin jimla ake cirewa, don haka sai an auna su da mudu ɗaya. Hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai babu mai sayayya a Amurka da ke lissafi haka. Harajin saye na kashi 4 da jiharku take karɓa, a saman farashi ake ɗora shi, kuma da wannan ma'aunin da kowa ya saba, 30 ne. Ni har yau ban manta ranar da na fara shiga shago a ƙasar ba, na ƙirga kuɗina daidai da abin da ke rubuce jikin rigar sanyi, na isa wajen biya sai na ga lamba ta canza a allo. Na tsaya ina laluben aljihu, layi yana jira a bayana. Wancan ɗan ƙari ne kaɗan. Ki ƙiyasta ranar da zai zama kusan sulusin farashi.

Tsarin da ɗan takararku yake tallatawa ba sabo ba ne, kuma a jiharku ya yi wayo. FairTax ake kiransa, wato haraji mai adalci. Wani ɗan Majalisar Wakilai daga Jojiya, John Linder, shi ya fara gabatar da ƙudurin a 1999, kuma tun daga nan kusan duk sabuwar majalisa sai an sake kawo shi. A 'yan shekarun nan Buddy Carter ne ya ɗauko shi, shi ma daga Jojiya. Abin da ke ciki ya wuce harajin albashi. Za a soke harajin kamfanoni, da na gado, da na kyauta, da kuɗin da ake yanka don fansho da lafiyar tsofaffi. Jihohi ne za su riƙa tara sabon harajin su aika wa gwamnatin tarayya.

A nan dole in yi wa maigidanki adalci. Ke in kin duba takardar albashinki za ki ga an cire kashi 7.65 na fansho da lafiya, wurin aikinki ya biya wani 7.65 ɗin. Shi da yake zaman kansa yake yi, duka biyun a kansa suke, kashi 15.3 kenan, tun kafin a zo maganar ainihin harajin kuɗin shiga. Ga biya sau huɗu a shekara, ga tara rasiɗai a akwatin mota, ga fargabar 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardun haraji. Mutumin da ke cikin wannan, in aka ce masa za a rufe IRS, ai sai ya ji kamar an sauke masa dutse. A tsarin kuma abin da aka saya don sana'a, irin man da yake zuba wa motar aiki, babu haraji a kansa. Akwai ma wani abu da ya shafe ku da ɗan takarar ba zai faɗa a bainar jama'a ba: kuɗin da kuke aika wa 'yan'uwa a waje ba a Amurka ake kashe su ba, don haka harajin saye ba zai taɓa su ba.

To amma gwamnati ba ta ce ta yafe ba. Harajin kuɗin shiga na ɗaiɗaikun mutane shi ne kusan rabin abin da gwamnatin tarayya take samu, na fansho da lafiya kuma wajen sulusi. Wannan kuɗin sai ya fito daga wani aljihu. Shi ya sa aka faɗaɗa ragar: abinci, kuɗin haya, magani, ganin likita, sabon gida, aski, duk suna ciki. Kayan hannu da kuɗin makaranta ne aka bari. Saboda haka maganar madarar yara gaskiya ce, alhali yanzu jihar Jojiya ba ta ɗora kashi 4 ɗinta a kan cefanen abinci.

Masu tsarin sun san wannan zai yi wa talaka nauyi, sai suka yi tanadin wani abu mai kama da kafin-alƙalami. Duk wata za a tura wa kowane gida na halastattun mazauna kuɗi daidai da harajin da za su biya a kan buƙatun da ba makawa, gwargwadon ma'aunin talauci. Bari mu gwada da misali na ƙirƙira, mu ɗauka ma'aunin dala 30,000 ne don sauƙin lissafi, wato za a mayar wa kowane gida dala 6,900 a shekara. Gidan da ke samun 40,000 ya kashe su kaf, zai biya 9,200, a cire abin da aka mayar, saura 2,300, ƙasa da kashi 6 na samunsa. Gidan da ke samun 100,000 ya kashe 90,000, zai tashi da 13,800, kusan kashi 14. Mai samun miliyan ɗaya da ya kashe 200,000 ya zuba sauran a hannun jari, nasa 39,100 ne, bai kai kashi 4 ba. Kin ga inda kayan suka sauka. Na ƙasa an ɗan tare masa, na sama ya samu sauƙin da bai taɓa mafarki ba, na tsakiya, masu aiki biyu a gida ɗaya irinku, su ne jakunan. Masu kare tsarin za su ce ai mai kuɗin ma wata rana zai kashe abin da ya tara, a lokacin zai biya. Haka ne, amma shi yana da zaɓin yaushe da kuma a wace ƙasa, ke kuwa haya ba ta jira.

Ki tuna kuma da kuɗin da ake dawo wa iyalai bayan sun cike takardun haraji, irin rangwamen masu yara da na masu ƙaramin albashi. Waɗannan a jikin harajin kuɗin shiga suke rataye, in ya tafi sun bi shi. Sannan ki dubi tsofaffin da kike kula da su. Dattijuwar da ta yi shekara arba'in tana aiki, aka yanke mata haraji, ta adana ragowar a banki, yanzu in ta fito da shi za ta biya ki ladan jinya sai a sake ɗora mata 30. An ci ta sau biyu kenan.

Ko 30 ɗin ma akwai ja a kansa. A 2005 Shugaba George W. Bush, wanda ɗan jam'iyyarsu Linder ne ta Rifablikan, ya kafa kwamitin duba gyaran haraji. Kwamitin ya duba wannan shawara ya ƙi ta. A lissafinsa sai an kai aƙalla kashi 34 a saman farashi kafin a cike gurbin harajin kuɗin shiga kaɗai, ban da na fansho. Ya kuma ce wancan kafin-alƙalamin zai zama shirin rabon kuɗi mafi girma a tarihin ƙasar, abin dariya ga mutanen da suka fito da sunan rage girman gwamnati. Wata matsalar ita ce zurarewa. Ƙasashen da ke karɓar harajin kaya na VAT suna tsinkar sa ne kaɗan-kaɗan a kowane mataki, daga masana'anta zuwa dila zuwa shago, kowa yana neman rasit daga na gabansa don a rage masa. Wannan kuwa a ƙofa ɗaya ake karɓa, hannun mai sayarwa na ƙarshe. In mai gyaran famfo ya ce miki 130 da rasit ko 105 a hannu, na san amsar mutane da yawa. Dole a samu masu bin sawu, ko da an canza musu suna daga IRS. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

A fagen zaɓe, abin yana da farin jini wajen tara magoya baya, yana da baƙin jini a babban zaɓe. Mike Huckabee, mai neman takarar shugaban ƙasa a Rifablikan, ya rungume shi ya lashe zaɓen fitar da gwani na jihar Ayowa a 2008, amma bai samu tikitin jam'iyya ba. Herman Cain, shi ma mai neman takarar, ya zo da nasa tsarin 9-9-9 a 2011, wato kashi 9 kan kuɗin shiga, 9 kan kamfanoni, 9 kan saye, ya yi tashe na 'yan makonni. A Janairun 2023, lokacin da sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 15 kafin Kevin McCarthy ya zama kakakin majalisa, maganar ta sake tasowa, 'yan Dimokurat suka yi ta yayata lambar 30, shi kansa McCarthy ya fito ya ce ba ya goyon baya. Fiye da shekara ashirin, ba a taɓa kaɗa wa ƙudurin ƙuri'a a zauren Majalisar Wakilai ba. 'Yan siyasa sun ga abin da ya faru a Kanada, inda jam'iyyar Firaminista Brian Mulroney ta kawo harajin saye na kashi 7 a 1991, a zaɓen 1993 ta tashi da kujeru biyu tak. Ba harajin kaɗai ya kayar da su ba, amma yana cikin manyan dalilai. Kuma ko su ba su soke harajin kuɗin shiga ba.

Akwai kuma katangar tsarin mulki. Gyara na 16 na 1913 shi ya ba majalisa ikon karɓar harajin kuɗin shiga, kuma muddin yana nan, wata majalisar za ta iya dawo da shi a wayi gari ana biyan biyu. Ƙudurin ya ce in ba a soke gyaran cikin shekara bakwai ba, sabon harajin ya mutu. Sokewar na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. Sau ɗaya aka taɓa soke wani gyara, a 1933, na haramcin giya.

Ni dai ba zan ce ga wanda za ki zaɓa ba, kuma da ni ne ba zan rataya ƙuri'ata a kan abin da da wuya ya zama doka a wa'adin ɗan takarar ba, ko don so ko don tsoro. In ya zo taron jin ra'ayin jama'a a yankinku, ki ɗaga hannu ki tambaye shi: kayan dala 100, nawa zan biya a wajen mai karɓar kuɗi, kuma kuɗin hayata na ciki? Maigida kuma kada ki ja da shi da baki. Ki bari ranar da ya dawo daga tafiya ya huta, ki ajiye masa takardar harajinku ta bara, da takardar albashinki, da rasiɗan wata guda har da na haya, ki ba shi biro ya buga lissafin da hannunsa. Mai yiwuwa ma ya fito da riba, in abin da kuke aikawa waje yana da yawa.