Sai da izinin masu labarin

Ka tambaya ko ya dace ka tattara labaran baka na 'yan asalin ƙasa, irin su Aborijin na Ostiraliya, ka wallafa a intanet don kada su ɓace. Ya dace, amma sai da izinin masu labarin, a harshensu, da sunan wanda ya ba ka. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa, a sashe na 31, ta tabbatar musu ikon kula da adabinsu na baka da kare shi.

Abin da na koya wajen zama da tsofaffi masu ba da labari shi ne, ba kowane labari ake ba kowa ba. A wasu ƙabilun asali na Arewacin Amurka akwai labaran da ba a bayarwa sai da hunturu. A Ostiraliya kuwa wasu na maza ne kaɗai, wasu na mata. Don haka ka tambayi dattawan al'ummar, ba mutum ɗaya ba. Abin da suka hana ka bar shi, wanda suka yarda kuma, in kuɗi ya shigo, rabonsu ya isa hannunsu.