Ku Tambayi Mai Gyaran Waya: An ƙwace min WhatsApp, in sayi iPhone?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da atamfa ce a kasuwar Nima. Ranar Larabar da ta wuce, ina tsakiyar ciniki, wani ya kira ni da sallama mai kyau, ya ce daga ƙungiyarmu ta matan Islamiyya yake. Wai za a yi taro ta waya bayan Isha'i, an turo min lambar shiga, in karanta masa ya rubuta sunana. Na karanta. Kafin La'asar WhatsApp ɗina ya rufe. Da sunana aka yi ta roƙon mutane kuɗi ta MoMo, har ƙanwata da ke Kumasi ta tura sidi 600. Yanzu 'ya'yana biyu sun hana ni sakat. Babban ya ce in ajiye Tecno in sayi iPhone, wai ita ba a iya kutsawa cikinta. Ƙaramin ya ce manhajar kashe ƙwayar cuta kawai zan sa. Wa zan bi?
Wata uwa, Mamobi, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya mayar muku da alheri, ke da ƙanwar taki. Kada ki ji kunya, domin a shagona da ke Tip Toe Lane a Circle na ga malaman makaranta da ma'aikatan banki sun zo da irin wannan kuka, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Ki riƙe Tecno ɗinki, Hajiya. Babu wanda ya shiga cikin wayar nan. Duk wanda ya sauke WhatsApp a sabuwar waya ya rubuta lambar layinki, kamfanin zai turo lambobi shida ta saƙon tes zuwa sim ɗinki, don ya tabbatar mai layin ce ke nema. Mutumin can ya rubuta lambarki a tasa wayar, saƙon ya zo miki, sai ya kira ki da zancen taro ya karɓe. Da iPhone ce a hannunki ranar, saƙon nan zai shigo kamar yadda ya shigo, ki karanta masa kamar yadda kika karanta. Manhajar da ƙaramin ke faɗa kuwa fayiloli take dubawa, ba ta da hanyar sanin abin da bakinki ya gaya wa wani.

Ya san sunan ƙungiyarku ne domin, a mafi yawan lokuta, ya riga ya ƙwace na wata a cikinku, ya ga jerin lambobin 'yan ƙungiya. Haka suke bi ɗaya bayan ɗaya. Ki kwantar da hankalinki a kan tsofaffin hirarrakinki: suna cikin wayarki, ba su bi shi ba. Abin da ya samu shi ne ƙungiyoyin da kike ciki da saƙonnin da suka shigo bayan ya karɓe.

Yau ɗin nan ki buɗe WhatsApp ki sake rubuta lambarki. Sabbin lambobi shida za su zo, da zarar kin sa su, an fitar da shi. Idan ya riga ya ɗaura makullinsa na biyu, wato tabbatarwa mai mataki biyu ta WhatsApp, za a nemi wata lambar sirri da ba ki sani ba, kuma sai kin jira kwana 7 kafin ki shiga. Jiran da ciwo, amma shi ma yana waje a kwanakin. Kafin nan ki kira 'yan uwa da abokan ciniki da murya, ki sa shugabar ƙungiya ta sanar cewa duk mai neman kuɗi da sunanki ba ke ba ce. Ƙanwarki ta kira kamfanin layinta ta ba su lambar da ta tura wa kuɗin da lokacin da ta tura. Ku kuma kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Gana, wadda dokar 2020 ta kafa. Ana kiranta ko a tura mata saƙo a 292. Ba zan yi miki alkawarin kuɗin zai dawo ba, don masu wannan aiki kan cire shi cikin mintuna. Rahoton dai yana taimakawa a rufe layin kafin ya cuci wata.

In kin dawo ciki, ki ba ɗanki wayar ya shiga saiti, sashen akawun, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ke za ki zaɓi lambobi shida na kanki, kada su zama shekarar haihuwa ko wutsiyar lambar wayarki. Tun 2017 WhatsApp ya kawo wannan makulli, amma cikin wayoyin da ake kawo min gyara, waɗanda aka kunna wa shi ba su da yawa. Abin nan yana damuna ƙwarai, don aikin minti biyu ne. Ya kuma duba wurin na'urorin da aka haɗa, in ya ga kwamfutar da ba ku sani ba, ya cire ta.

Gardamar 'ya'yanki kuwa, ita muke yi kusan kullum a majalisar ataya. Babban yana da 'yar gaskiya. Apple, kamfanin da ke yin iPhone, na daɗewa yana aiko wa wayoyinsa sabuntawa, kuma ba a cika sa musu manhaja daga waje ba, alhali a Android yaro zai turo maka kowace irin manhaja ta Xender, manhajar tura fayil daga waya zuwa waya, ka saka. Amma cewa ba a kutsawa iPhone ba daidai ba ne. Manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, ta shiga iPhone ta shiga Android. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin kotu a Amurka kan mutum kusan 1,400 da aka hara. Irin wannan makami na da tsadar gaske, 'yan jarida da 'yan siyasa ake bi da shi. Mai neman sidi 600 ɗin ƙanwarki kiran waya ya ishe shi. Kuɗin iPhone ki zuba shi a jari, Hajiya.

TAMBAYA: Yaya, abokaina duk GB WhatsApp suke amfani da shi, suna karanta saƙon da aka goge. Sun ce ya fi na asali tsaro tunda yana da makulli a ciki. Gaskiya ne?
Wani ɗalibi, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Ƙanena, ba gaskiya ba ne. Wasu ne suka ɗauki WhatsApp suka sauya shi, babu shi a Play Store, kuma ba ka san wanda ya taɓa kwafin da ya iso wayarka ba. Na asali yana rufe saƙo daga wayarka har wayar mai karɓa tun 2016, amma rufin ba ya amfani idan manhajar da ke buɗe saƙon ita ce ba ta da amana. Ka ba ta hotunanka, lambobin mutanenka da makirfo. Ga shi WhatsApp na dakatar da layukan da ya kama suna amfani da irinta, wani lokaci na ɗan lokaci, wani lokaci gaba ɗaya. Makullin da suke yabo kuma na asali ma yana da shi, da zanen yatsa. Ka adana hotuna da hirarrakin da kake buƙata, ka goge shi, ka sauko da na asali. Wasu tsofaffin hirarrakin ba lalle su biyo ka ba, don haka ka kwafe lambobi da bayanan makaranta a takarda kafin ka fara.