Kwamfuta ko waya don tallar atamfa a Instagram

Malam, ka tambaya ko ya dace ka sayi kwamfuta domin tallar atamfofin shagonka a Instagram. Shawarata ita ce ka zuba kuɗin a waya mai kyamara mai kyau, domin a kan waya aka gina manhajar tun 2010, kuma sai a 2021 kamfanin ya bari a ɗora hoto kai tsaye daga kwamfuta, jinkirin da ni kam nake kallonsa a matsayin sakaci.

Sai dai idan kana rubuta lissafin bashi da na kayan da kake sarowa daga Kano, kwamfuta tana da ranarta. A shagona da ke babbar kasuwar Maraɗi, da waya nake ɗaukar hoton turmin atamfa da hantsi, amma lissafi mai dogon jeri na manhajar lissafi ta Excel ba ya karantuwa a ƙaramin allo, ko da na sa tabarau.