Kayan araha marasa rasit: abin da dokar Amurka za ta iya yi maka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Kalifoniya, ina sayar da kaya a eBay da Facebook Marketplace. Wani saurayi ya fara kawo mini reza, man shafawa mai tsada da madarar jarirai, sababbi fil, a kan kashi ɗaya bisa uku na farashin kanti. Kuɗi hannu kawai yake karɓa, ya ce kada in damu da rasit. Na sayi zubi ɗaya. Ni ban saci kayan kowa ba, akwai abin da zai taɓa ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma ba ƙarami ba. Kada ka sake karɓar ko reza ɗaya daga hannun wannan yaron.

Ga yadda harkar take. Gungun da ke wawushe kantuna suna da masu shiga su kwaso kaya, suna kuma da mai karɓa ya mayar da su kuɗi. Wanda ya kwaso ya ɓace cikin mutane. Mai sayarwa kuwa sunansa, adireshinsa da asusun bankinsa duk suna hannun kamfanin da yake talla a shafinsa. Wato a duk sarƙar nan kai ne mafi sauƙin kamu. Kayan da ka lissafa ma su ne irin waɗanda ɓarayin kanti suka fi so: ƙanana, masu tsada, masu saurin shiga. Ɗauko kwali ɗaya ka juya shi a haske. In ka ga dauɗar gam inda aka ɓare takardar farashin kanti, ko ramin da aka ciro ƙarfen nan mai sa ƙofa kuka, to ka sami amsarka.

A Kalifoniya, sashe na 496 na dokar manyan laifuka ya hana saye, ajiyewa ko sayar da kayan da mutum ya san na sata ne. Idan darajarsu ta wuce dala 950, hukuncin na iya kaiwa shekara 3 a gidan yari, kuma mai kayan yana da damar kai ka kotu ya nemi ninki uku na asararsa har da kuɗin lauyansa. Akwai kuma sashe na 490.4, wanda aka sanya wa hannu a 2018 musamman saboda satar gungu a kantuna, kuma ya haɗa da mai karɓar kayan in da haɗin baki. A ƙarƙashinsa ana tattara darajar abin da aka yi cikin wata 12 a haɗa wuri guda, don haka sayen kaɗan-kaɗan ba mafaka ba ce. A Nuwamban 2024 masu zaɓe a jihar suka amince da ƙudurin Proposition 36, wanda ya ƙara tsananta hukunci ga masu maimaita sata.

In kana aika kaya ga masu saye a wasu jihohi, gwamnatin tarayya ma tana iya shigowa. Dokar da aka kafa tun 1934 ta ce duk wanda ya tsallaka da kayan sata na dala 5,000 ko fiye daga jiha zuwa jiha, yana sane, zai iya shan ɗaurin shekara 10.

Na san abin da ke ranka: ai ban sani ba. Nan ne mutane da yawa suke ruɗar kansu. Kotunan Amurka suna ɗaukar rufe ido da gangan tamkar sani. Mai gabatar da ƙara zai jera wa masu taya alƙali shari'a farashin da ya faɗi warwas, kuɗi hannu, babu rasit, babu sunan kamfani, sai ya tambaya: wane ɗan kasuwa ne zai ga wannan bai yi zargi ba? Kai kanka da zuciyarka ta natsu ai da ba ka rubuto ba.

Kasuwannin intanet ma sun daina kau da kai. Tun 27 ga Yunin 2023 dokar INFORM Consumers Act ta tilasta musu tantance bayanan banki da lambar haraji na duk wanda ya yi ciniki 200 na sababbin kaya, kuma ya tara dala 5,000 cikin wata 12. Wanda ya ƙi bayarwa sai a dakatar da asusunsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zamanka a ƙasar. In ba ka zama ɗan ƙasa ba, hukuncin shekara ɗaya ko fiye kan karɓar kayan sata yana cikin laifukan da ake korar mutum a kansu, ko da yana riƙe da katin zama na dindindin. Ribar kwalin reza ba ta kai ka jefa iyalinka cikin wannan ba.

In araha kake nema, akwai hanyar halak: manyan kantuna suna gwanjon kayan da aka mayar musu da waɗanda suka yi kwantai, kuma suna ba da takardar ciniki mai sunan kamfani da jerin kaya. Ribar ba ta kai ta yaron nan ba, amma takardar ita za ta tsaya maka ranar da aka tambaye ka.

Game da zubin da ke hannunka, sauke tallarsa yau, musamman madarar jariran, domin ba ka san zafin da ta sha a bayan mota ba. Kada ka zubar da kayan, kada ka goge saƙonnin da kuka yi da shi, domin ɓoye shaida wani laifin ne daban. Nemi lauyan manyan laifuka wanda ya san dokar shige da fice, ka gaya masa komai kafin ka yi magana da 'yan sanda ko da shi yaron.