Su Wane Ne Masu Buɗe Wuta Kan Jama'a A Amurka?

Tambaya: Malam, ƙanena na karatu a Amurka, kullum hankalina a tashe. Harbin jama'a ya yi yawa haka? Mahaukata ne ke yi? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Idan aka ƙirga duk harin da aka harbi mutum 4 ko fiye, ya haura 600 a 2023, amma yawancinsu rikicin unguwa ne ko na cikin gida. Kusan dukkan maharan maza ne. Ban yarda da batun hauka ba; galibi ƙullaci ne da bindiga a kusa. Shekaru kuwa babu tabbas: maharin makarantar Sandy Hook a 2012 yana da shekara 20, na birnin Las Vegas a 2017 kuwa dattijo ne mai 64.